Idon Aro

Asabar, bayan la'asar

Yaya ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta mata lambobin hotuna a ciki. Ta ce in fara daga gaba. Ni kuwa allo kaɗai na yi, daga dama nake farawa, don haka bayan littafin shi ne gabana. Lambobinta suna can, surutuna yana nan. In mun haɗu a tsakiya sai a yi sulhu.

Jiya aka sallamo ta daga asibiti. Ido biyu a naɗe, farin ƙyalle ya zagaye kan kamar gwangwanin fentin da aka ɗaure wa baki. Har maganar ta zo bakina, na haɗiye ta.

Likita ya ce mako uku ba haske, ba karatu, ba kwamfuta. Ta ce masa, "Likita, kwana goma sha tara gare ni." Ya ce, "Ke kuma ido biyu gare ki, ni ba ni da na canji."

Umma ta ajiye min abinci a bakin ƙofa, ba ta kira sunana ba. Kwana shida ke nan. Amma dai ta ajiye. Alhamdu lillahi.

Ba don ita na ɗora ba. Allah ya sani.

Lahadi, da hantsi

Ina tsugune ina wanke burushi sai na ji Yaya ta ce, "Auta, zo nan." Tun ranar ba ta kira ni da sunan nan ba. Na shiga da hannu jiƙe.

Na daɗe da sanin Yaya taurari take karanta a jami'a. Nakan ce mata mai ƙirga dukiyar da ba ta gada ba. Amma ban taɓa tambayar me take yi da su ba, sai yau da ta zaunar da ni gaban kwamfutarta.

Wai akwai wani madubin hangen nesa da ya shekara shida yana ɗaukar hoton sama yanki-yanki, kamar yadda muke bin bango da burushi, ba a tsallake ko taki ɗaya. Cikin ɗigo miliyoyi, kwamfuta ta tace mata dubu ɗaya da ɗari tara. A cikinsu take neman abin da ake kira kwasar.

Na ce mene ne shi kuma.

Ta ce, "Baƙin rami ne a tsakiyar garken taurari, duk abin da ya matso sai ya haɗiye. Abin da ke bakin ramin yana jiran a haɗiye shi sai ya yi zafi, ya yi hasken da ya fi na garken gaba ɗaya. Ni na can ƙurya nake nema. Haskensu ya taso tun halitta tana jaririya, shekara biliyan goma sha uku yana tafe."

Na ce, "Ko Dogo in aka aike shi sayen burushi bai kai haka daɗewa ba."

Dogo abokin aikina ne, tare muke fenti. Ta yi dariya, sai ta ce wash, ta dafe kai. Ashe dariya ma tana taɓa ido.

Ga inda maganar take. Akwai wani madubin da ya fi wancan girma, a kan dutse, can ɗaya ɓangaren duniya. Shekara biyu tana roƙo kafin a ba ta rabin dare ɗaya a kansa. Ɗigo biyar kaɗai zai duba mata, kuma sai ta aika da sunayensu ranar Larabar makon jibi. In ba ta aika ba a ba wasu, karatunta ya tsaya cak. Farfesanta ya ce ta haƙura, shi aji ya yi masa yawa, ashirin na ƙarshe kawai zai iya dubawa. Ta ce masa tana da ido. Ya ce wane ido. Ta ce na ƙanenta.

Da ta faɗa min haka sai na koma goge jiƙaƙƙen hannuna a wando. Ni da ba a raba ni da magana.

Kowane ɗigo taga biyar gare shi, an ɗauke su ta gilashi mai launi daban-daban. Na gaskiya ba ya fitowa a uku na farko ko kaɗan, a ta huɗu ya ɗan leƙo, a ta biyar ya fito sosai. Wai doguwar tafiya ce ta mai da haskensa ja, har ya wuce ja. Wannan kam na gane. Ja kala goma sha ɗaya muke da shi a sito.

Mun yi sittin.

Litinin, bayan magariba

Ɗari da goma. Wuyana kamar na yini ina fentin silin. Yau ban yi wa kowa komai ba.

Talata, da azahar

Ga yadda muke yi. Na rataye bargo a tagar ɗakin. Yaya tana kwance ta juya baya, ni ina kan kujera ina faɗa mata abin da na gani, ita tana yanke hukunci.

Sunayen da take kiran na bogin sun fi ƙarfin harshena, don haka na raɗa musu nawa. Wanda ya ja layi, mai jela. Wanda hasken babban tauraro ya fantsamo masa, ɗan maƙwabta. Wanda ya fito a taga ɗaya tak ya ɓace, kashin ƙuda. Da farko ta ce in daina shirme. Zuwa azahar ita ce ke tambaya, "Kashin ƙuda ne ko ɗan maƙwabta?"

Babban maƙaryacin duka, in ji ta, wani ƙaramin tauraro ne mai sanyi da ke nan kusa da mu. Shi ma ja ne, shi ma yana ɓuya a tagogin farko. Abu ɗaya ke tona masa asiri: yana motsi. Akwai tsohon hoton sama na shekara goma baya, in an gwada da sabo sai a ga ya gusa. Kwasar kuwa nisa ya hana a ga motsinsa.

Na ce ashe sama ma da 'yan tsokana. Ta ce, "Danginka ne, shi ya sa na ɗauko ka."

Na gode wa Allah da bakin nan nata bai samu komai ba.

Laraba, bayan la'asar

Ban san me ya hau kaina ba.

Mun kai lamba ɗari uku da tamanin da takwas, ɗakin shiru, sai ƙarar fanka. Kawai na ji na daka tsawa, "Yaya! Ga shi! Uku babu, ta huɗu ɗis, ta biyar kamar garwashi!"

Ta zabura ta miƙe, ta bugi gwiwa da tebur, tana lalube tana cewa, "Lamba nawa? Lamba nawa?"

Sai na fashe da dariya. Ni kaɗai na yi.

Ta laluba ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "Auta, tun kana rarrafe kake zolayata, ina gani ina ramawa. Yanzu ba na gani. Abin da ka faɗa shi ne sama a wurina. In ka yi min ƙarya a ɗaya, me na sani a kan sauran ɗari uku da tamanin da bakwai?"

Na ce wallahi waɗancan gaskiya ne.

Ta ce, "Koma lamba ɗaya."

Ko Malam, in na ɓata aya, allon ranar yake sa ni wankewa. Bai taɓa mai da ni Fatiha ba.

Alhamis, da safe

Lamba ɗaya.

Alhamis, bayan isha

Ɗari biyu da sha biyar. Ba mu yi wata magana ba sai ta aiki. Cikin waɗanda na maimaita na sami huɗu da na yi wa gaggawa a karon farko. Na faɗa mata. Ta ce, "To." Shi ke nan. Maigidanmu yakan ce shafa ta biyu ce ke tona asirin ta farko.

Yau ban yi wa kowa komai ba. Ƙidayar kwanakin da ban tsokani kowa ba ma ta koma ɗaya.

Juma'a, bayan masallaci

Dogo ya zo da lemo a leda. Ya tsugunna daga bakin ƙofa ya gaida Yaya, kansa ya kusa kai tsawona a tsaye. Ya ce Maigida ya ce in zauna har ta warke, shi zai riƙe min bangona.

Da na raka shi waje na ce, "Dogo, ka san dai kai na ɗana wa tarkon nan."

Ya ce, "Na sani mana. Wa ke shiga siton nan da rana tsaka in ba ni ba? Sai dai ka yi asarar dabara, ni a sunkuye nake shiga kowace ƙofa. Ƙeyata za ta sha, ba idona ba." "Na kwashe buhunan na kai can baya. Na rubuta suna a jikin kowanne, manya-manya."

Ban tambaye shi ba, shi ya yi. Allah ya saka wa Dogo. Duk da haka takalminsa na nan bakin ƙofa, ga igiyar a kwance tana kallona. Na sa hannuwana a aljihu har ya tafi.

Asabar, da la'asar

Mun samu ɗaya! Lamba ɗari huɗu da sha biyu. Uku babu, ta huɗu ta leƙo, ta biyar zagayayya, tsaf, ba jela, ba maƙwabci. Sau uku na duba kafin in buɗe baki, kuma a hankali na faɗa, kamar mai kai saƙon rasuwa.

Yaya ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce in karanta mata lambobin da ke ƙasa. Na karanta. Ta tafa hannu sau ɗaya.

Na sa mata suna Amarya. Yaya ba ta hana ba.

Litinin, da hantsi, a asibiti

Ana canja mata ƙyalle. Ni ina kan benci a waje, Umma tana ɗaya ƙarshen. Bangon nan wanda ya yi musu fentinsa bai kankare na ƙasa ba, duk ya kumbura.

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji Likita yana cewa na hagu yana kyau. Sai ya rage murya da ya zo kan na dama.

Na ƙirga tayil ɗin ƙasa. Tamanin da huɗu.

Litinin, bayan magariba

Na hagu yana kyau. Na hagu yana kyau. Alhamdu lillahi.

Laraba, da azahar

Mun wuce dubu. Masu kyau goma sha ɗaya a gaban littafi, amma ba kamar Amarya.

Yau ta koya min abin da babban madubin zai yi. Ba hoto zai ɗauka ba, zai warware hasken ne ya zana shi layi guda. Ta ce in ba ta hannuna. Ta zana min a tafi da ɗan yatsa. In ƙaramin tauraron nan ne, layin yana hawa a hankali yana cizo kamar haƙoran zarto. In kwasar ne, layin zai kwanta shimfiɗe kamar ba kowa a gida, sai kwatsam ya miƙe tsaye kamar bango.

Ta ce hannuna kamar takardar goge bango. Na ce nata kamar na wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba. Ta murɗe min ɗan yatsa. Na ji zafi, kuma na ji daɗi.

Juma'a, da yamma

Lamba dubu ɗaya da ɗari uku da saba'in da bakwai. Na kusa wuce shi. A taga ta biyar kamar akwai abu, kamar babu. Sai na yi yadda muke duba bango in ya bushe: na tashi, na ja baya taku uku, na kalle shi a kaikaice. Yana nan. In ka zura masa ido ya ɓace, in ka kau da kai ya fito.

Na sa masa Mai Kunya. Yaya ta ce ya yi dushi-dushi da yawa, amma in rubuta shi a ƙasan jeri.

Umma ta leƙo ta ce a bar yarinya ta huta. Ba da ni take ba, amma ɗakin da nake ciki ta yi wa magana. Ana samun ci gaba.

Lahadi, bayan asuba

Dubu ɗaya da ɗari tara. Mun gama jiya. Ashirin sun tafi wurin Farfesa, ya zaɓi biyar, Amarya a kan gaba. Mai Kunya bai shiga ba.

Ya kamata in yi murna. Amma akwai abin da ke cina.

Kwamfuta ta ce Amarya ba ta motsa ba. Tsohon hotonta dishi-dishi ne, to amma duk sa'ad da na juya daga tsoho zuwa sabo sai in ji kamar ta gyara zama. Ni na san mai gyara zama. Shekara nawa ina matsar da kujerar mutane kaɗan-kaɗan suna tsaye.

Lahadi, da azahar

Na buɗe jakar aikina. Tun ranar ban taɓa ta ba, har yanzu akwai farin gari a zip ɗin. Na ɗauko zaren da muke ja a bango in za mu raba launi biyu. Na liƙa shi a fuskar kwamfuta da salatif, daga wani tauraro na hagu zuwa wani na dama, ya bi ta kan Amarya.

Tsohon hoto: tana kan zare. Sabon hoto: tana ƙarƙashinsa, da kaurin gashi ɗaya. Taurarin biyu ba su gusa ba.

Na yi sau ashirin. Na canja taurari na sake ja. Haka dai.

Yaya tana barci. Wa zai gaya mata? Ni?

Litinin, da la'asar

Na gaya mata.

Ta ce, "Auta." Yadda ta faɗa ɗin nan.

Na ce ba wasa nake ba.

Ta ce, "Rantse."

Na ce, "Yaya, na sha rantse miki a kan ƙarya, rantsuwata ba ta da sauran daraja. Zare na ja. Ki kira wani ya duba."

Ta ƙwala wa Umma kira. Umma ta zo tana goge hannu, ta sa tabaronta, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa zaren. Na juya mata tsoho, na juya sabo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe ta ce, "Ni duk kashin ƙuda nake gani."

Ashe tana jinmu duk kwanakin nan.

Har ta kai ƙofa sai ta juyo. Ba ni ta kalla ba, Yaya ta kalla. Ta ce, "Amma yaron nan in zai yi ƙarya kunnensa na hagu yana rawa. Yau bai yi ba." Ta fita.

Shekara ashirin da ɗaya ban san da wannan ba. Shi ya sa ban taɓa cin nasara a kan Umma ba!

Talata, bayan la'asar

Farfesa ya zo da kansa. Gajere ne, mai furfura a gira, ya cire takalmi ya jera su kamar za a ɗauke su hoto. Ya ga zare a kan kwamfuta ya ce, "Wannan kuma fa?"

Yaya ta ce, "Na'urar ƙanena ce."

Ya tambaye ni me na karanta. Na ce izu arba'in da biyu, sannan fenti. Ya gyaɗa kai kamar sunan wata jami'a na faɗa. Ya zauna, ya juya tsoho, ya juya sabo, ya cire tabarau ya mayar. Ya ce yana iya zama motsi, yana iya zama dishin tsohon hoto ne kawai. A auna shi yadda ya kamata sai an kwana huɗu, ga shi gobe ne. Shi dai da Amarya zai tafi. Mai Kunya kuwa, cewa ya yi rabinsa fata ne.

Sannan ya ce, "Amma darenki ne. Ke za ki zaɓa."

Da ya tafi na ce mata, "Yaya, bi Farfesa. In Amarya ta gaskiya ce na sa kika jefar da ita, abu biyu ke nan na..." Ban ƙarasa ba.

Ta ce, "Je ka kawo min ruwa."

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ita ke faɗa, ni ke danna lambobi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai muka zo na biyar, ga Amarya ba ta shiga ba tukuna.

Ta ce, "Ɗaya, uku, bakwai, bakwai."

Na ce, "Yaya, wannan Mai Kunya ne."

"Na san lambar ɗana. Danna."

"Ba ki gan shi ba fa."

Ta ce, "Na gan shi. Da idon da nake da shi."

Na danna.

Alhamis

Yau ban yi wa kowa komai ba. Kwana goma sha biyar. Kyanwar maƙwabta har ta fara raina ni.

Juma'a, da yamma

An buɗe na hagu! Tana ganin mutane, tana ganin ƙofa, ta ga Umma ta rame. An ba ta baƙin tabarau, an hana ta kwamfuta wata guda. Na dama an sake rufe shi. Likita ya ce yana ganin haske, sauran sai a hankali. Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba.

Da ta juyo kaina ta ce, "Kai, ashe haka kake da muni? Na manta."

Na ce ai shi ya sa Likita ya buɗe ɗaya kawai, kar abin ya yi miki yawa. Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Amma ta yi dariya, Umma ma ta rufe baki da mayafi.

Da daddare Umma ta ce, "Auta, zo ka ɗauki abincinka." Auta. Na ci har da na gobe.

Litinin

Na koma aiki rabin yini. Ban shiga sito ba, Dogo ke miƙo min kaya. In Amarya ce ta gaskiya fa?

Laraba, bayan magariba

Gobe ne. Yaya ta ce a yi addu'a kada hadari ya rufe dutsen. Ban taɓa roƙon Allah a kan sararin garin da ban sani ba sai yau.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta shi a jere kada in rikice.

Ƙarfe tara na safe muna ofishin Yaya a jami'a. Nan hantsi, can tsakar dare. Ɗan ɗaki ne, tebur biyu, allon bango cike da rubutun da ko Malam ba zai warware ba. Farfesa yana gaban kwamfuta, wata murya daga kan dutsen tana magana da shi. Yaya ta juya wa hasken baya da baƙin tabaronta. Ni ina tsaye, an ba ni kujera na kasa zama.

Na farko, zarto. Na biyu, zarto. Na uku hadari ya gifta, layin ya fito kamar tafiyar kaza. Na huɗu, zarto. Kowanne sai an jira kusan awa, kowanne Farfesa ya ce "Hmm," Yaya ta ce "To." Ba wanda ya ambaci Amarya, amma tana ɗakin, har kujerata ta zauna.

Sai Mai Kunya. Shi ya fi kowa cin lokaci. Muryar can ta ce gari ya kusa wayewa. Na karanta duk abin da na haddace, har da inda nake tuntuɓe.

Layin ya fito. Farfesa bai ce hmm ba. Ya cire tabarau ya matsa kusa.

Yaya ta ce, "Mene ne? Ku yi magana mana!"

Farfesa ya juyo ya kalle ni. Ni ma ban yarda da bakina ba. Na kama hannunta na buɗe tafin. Na ja ɗan yatsana a kwance, a kwance, a kwance, har kusan ƙarshe. Sannan na miƙar da shi tsaye.

Ta damƙe yatsan. Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ce, "Farfesa?"

Ya ce, "Bango ne. Kuma yana can nesa sosai. Ba shi ne mafi nisa da aka taɓa gani ba, amma 'yan uwansa ba su da yawa."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin baƙin tabarau, ta ɓangaren hagu, har ta ɓangaren da ke rufe. Shekara biliyan goma sha uku abin nan yana tafe, ya rasa inda zai sauka sai hannun mai fenti. Farfesa ya yi ta buga tebur yana magana da mutumin dutse. Da ya nutsu ya juyo ya ce min, "Malam, zaren nan naka, a ina ake sayar da shi?"

Muka tashi tafiya. Ina riƙe da jakarta, tana gabana tana bin bango da hannu. Da ta kai ƙofar ofis sai ta tsaya cak. Ta ɗaga kai sama.

Ta ce, "Auta, shiga gaba. Duba min saman ƙofar nan tukuna."

Wata guda ba wanda ya ambaci ƙofa a gidanmu. Na kalle ta, sai na ga gefen bakinta yana rawa. Ta fashe da dariya har tana riƙe bango, tana wash, tana ƙarawa. Ta rama. A gaban Farfesa, wanda bai san me ake ciki ba, ni kuma na tsaya da jakar mata a hannu ina kuka kamar an ƙwace min alewa.

Na ce, "Yaya, ki yafe min."

Ta ce, "Tun ranar da ka koma lamba ɗaya. Wuce mu tafi, yunwa nake ji."

Alhamis, bayan isha

Kwali ne na cika da gari daga wani buhu, na ɗora a saman ƙofar sito. Na ɗauka garin alli ne a ciki. Farar ƙasa ce, mai ƙona ido. Dogo nake jira. Ita kuma wayata ta kawo min, da na manta a gida, ta tura ƙofar, ta ɗaga kai tana kiran sunana.

Ga shi na rubuta. Na dama har yanzu haske kawai yake gani, ranar Litinin za mu koma.

Lambobinta sun zo daga can, surutuna ya zo daga nan, shafi ɗaya ya rage a tsakani. Na nuna mata, ta ce kada in taɓa shi, ita za ta rubuta lambar Mai Kunya a wurin da hannunta ranar da Likita ya yarda ta riƙe biro.

Na ɓoye biron a cikin takalminta.